Tarihin Zanen Bango Don Tunawa Da Waɗanda Suka Mutu A Hannun 'Yan Sanda

 Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda suka fi son karantawa, da waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau zan yi magana ne a kan bango. E, bango dai da kuka sani, na bulo da siminti. A ƙasashe da dama, idan mutum ya mutu a hannun 'yan sanda, kafin a kai ga shiga kotu za ka tarar wasu sun ɗauko tsani da gwangwanayen fenti sun zana fuskarsa a jikin wani gini, sun rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Yawancinmu mun fara lura da wannan ne a 2020, lokacin George Floyd. To amma al'adar ta girmi Floyd da shekaru masu yawa. Abin da nake so mu bi diddiginsa shi ne: daga ina ta samo asali, me ya sa mutane ke yin ta, kuma me ya sa hukumomi ke damuwa da ita har su aiko a goge, alhali fenti ne kawai?

Mu fara daga birnin Shikago na Amurka, a shekarar 1967. A kudancin birnin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, wasu masu zane na wata ƙungiyar raya al'adun baƙar fata da ake kira OBAC suka haɗu a jikin wani tsohon gini da ke mahaɗar titi na 43 da titin Langley. Daga cikin jagororinsu akwai William Walker. Suka zana fuskokin mutanen da al'ummarsu ke alfahari da su, irin su Malcolm X, da Muhammad Ali, da Marcus Garvey, da mawaƙa da marubuta. Suka sa wa wurin suna Wall of Respect, wato Bangon Girmamawa. Wannan bango ba na makoki ba ne, na gwarzaye ne. Amma shi ya koya wa unguwannin talakawa wani abu: ba sai ka jira gwamnati ta gina maka gidan tarihi ba, bangon unguwarku ma ya isa. Ginin ya yi gobara a 1971 aka rushe shi, sai dai kafin nan an riga an kwaikwayi abin a birane da yawa na Amurka.

Daga nan sai mu tsallaka birnin Niyok, shekarar 1983. A lokacin, hukumar birnin na yaƙi da matasan da ke feshin fenti a jikin jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da tashoshinsu. A daren 15 ga Satumba, 'yan sandan da ke kula da jiragen suka kama wani saurayi baƙar fata mai shekara 25, mai suna Michael Stewart, bisa zargin yana rubutu a bangon tasha. Ba a daɗe ba aka kai shi asibitin Bellevue a ɗaure hannu da ƙafa, jikinsa duk rauni, ba ya cikin hayyacinsa. Kwana 13 ya yi bai farfaɗo ba, ya rasu ranar 28 ga watan. Babban likitan binciken gawa na birnin ya fara cewa yawan shan giya ne ya jawo zuciyarsa ta tsaya, daga baya ya sauya magana. An gurfanar da 'yan sanda shida, a 1985 kotu ta wanke su duka.

Ku lura da abin da ya faru a nan. Wanda ya mutu shi kansa mai zane ne, kuma laifin da aka kama shi da shi rubutun bango ne. Shi ya sa abin ya girgiza masu zane na Niyok. Jean-Michel Basquiat, wanda shi ma baƙar fata ne kuma a titi ya fara, an ruwaito yana ta maimaita cewa ai da shi ne abin zai iya faɗawa. Ya je ɗakin aikin abokinsa Keith Haring ya yi zane a jikin bangon ɗakin: 'yan sanda biyu da kulake, a tsakiyarsu wata baƙar inuwa ta mutum marar fuska. Da Haring zai tashi daga wurin, sai ya sa aka yanke wannan ɓangare na bangon ya tafi da shi. A 2019 gidan adana zane na Guggenheim ya baje kolin wannan guntun bango. Wato abin da aka kama Stewart a kansa, shi ne bayan shekara 36 mutane ke bin layi su kalla.

A shekarun 1980 da 1990, zanen makoki ya zama ruwan dare a unguwannin talakawa na Niyok. Idan matashi ya mutu, ko ta hanyar rikicin 'yan ƙwaya, ko haɗarin mota, ko cuta, 'yan'uwa da abokai kan haɗa kuɗi su kira mai zane ya yi fuskarsa a bangon kantin da yake yawan zama, a sa ranar haihuwa da ranar mutuwa. Kamar dai kabari ne aka kawo cikin unguwa. Saboda haka lokacin da mutuwar ta zo ta hannun hukuma, tsarin yana nan a shirye, sai dai ma'anarsa ta sauya. Zanen wanda haɗari ya kashe addu'a ce da tunawa. Zanen wanda ɗan sanda ya kashe kuwa, ko mai zanen bai so ba, ya zama tuhuma.

Misalin da zai fi taɓa mu shi ne na Amadou Diallo, Bafulatani ɗan ƙasar Gini mai shekara 23, wanda ke kasa kaya a gefen titi a Niyok yana tara kuɗin karatu. Bayan tsakar daren 4 ga Fabrairu 1999, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a titin Wheeler da ke yankin Bronx, sai ga 'yan sanda huɗu cikin farin kaya. Ya sa hannu a aljihu ya ciro walat ɗinsa. Suka ce sun zaci bindiga ce. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi. Ba shi da makami ko ɗaya. An mayar da shari'ar birnin Albany, kuma a Fabrairun 2000 aka wanke su huɗun. An kai gawarsa gida aka binne shi a yankin Futa Jalon. Daga baya, a 2004, birnin ya biya iyalinsa diyyar dala miliyan 3.

A 2001 wani mai zane, Hulbert Waldroup, ya yi hoton Diallo a jikin wani bango kusa da inda aka kashe shi. Bai tsaya a fuskar mamacin ba. Ya zana 'yan sanda huɗu da kaki, amma kawunansu sanye da fararen hulunan ƙungiyar Ku Klux Klan, wadda ta yi ƙaurin suna wajen kashe baƙaƙen fata. Nan fa ce-ce-ku-ce ya tashi. Wasu suka ce ya faɗi gaskiyar da kotu ta ƙi faɗa, wasu suka ce ya yi wa duk mai kaki kuɗin goro. Wannan gardama tana nan har gobe a duk inda aka yi irin wannan zane: shin a tsaya a kan wanda aka kashe, ko a nuna wanda ya yi kisan? Za mu sake cin karo da ita a Faransa.

Yanzu mu dawo nahiyarmu, mu shiga Masar, domin a ganina babu inda bango ya yi aiki irin na Alƙahira. Ranar 6 ga Yuni 2010, a unguwar Sidi Gaber ta birnin Iskandariya, wasu 'yan sanda biyu cikin farin kaya suka fito da wani matashi mai shekara 28, Khaled Said, daga wani shagon intanet. Shaidu sun ce sun yi ta dukansa har ya daina motsi. Hukuma ta ce ƙullin tabar wiwi ya haɗiye ya shaƙe shi. Sai iyalinsa suka fitar da hoton gawarsa da aka ɗauka a ɗakin ajiye gawa, muƙamuƙi a karye, fuska ta sauya kamanni. Gani ya kori ji. Aka buɗe shafi a Facebook mai suna "Dukkanmu Khaled Said ne", wanda Wael Ghonim na cikin masu tafiyar da shi. Kuma ba haka kawai aka zaɓi 25 ga Janairu 2011 don fara zanga-zanga ba: ranar ce ranar bikin 'yan sanda a Masar. Ranar 11 ga Fabrairu Hosni Mubarak ya sauka, bayan kusan shekara 30 a kan mulki.

Fuskar Khaled ta bazu a bangayen Alƙahira da Iskandariya. Matasa kan yanke hoton a jikin kwali ko roba, su ɗora a bango su fesa fenti, cikin daƙiƙa kaɗan an gama sun ɓace. Wannan dabara ta dace da wurin da tsayuwar minti biyar ka iya jawo maka kamu. A Satumbar 2011 ma wani mai zane Bajamushe ya yi hoton Khaled a jikin ragowar katangar Barlin. Su kuwa 'yan sandan biyu, an fara yanke musu shekara 7 a 2011, sannan da aka sake shari'a a 2014 aka mayar da ita shekara 10.

Amma zuciyar labarin tana titin Mohamed Mahmoud, wanda ya taso daga dandalin Tahrir ya nufi wajen da ma'aikatar harkokin cikin gida, uwar gijiyar 'yan sanda, take a lokacin. Daga 19 ga Nuwamba 2011 aka shafe kwanaki ana artabu a wannan titi, aka kashe mutum sama da 40. Mutane da yawa sun rasa idanunsu, saboda ana harbin fuska da harsashin roba da ƙananan ƙwayoyin dalma. Wani likitan haƙori, Ahmed Harara, ya rasa ido ɗaya a watan Janairu, ya rasa na biyun a wannan titi. A gefen titin akwai doguwar katangar Jami'ar Amurka da ke Alƙahira. A jikinta Ammar Abo Bakr ya jera fuskokin mutane, kowanne da farin bandeji a ido ɗaya. Bayan turmutsutsun filin wasa na Port Said a Fabrairun 2012, inda magoya bayan ƙwallo sama da 70 suka mutu jami'an tsaro na kallo, shi da abokansa suka ƙara fuskokin samarin, wasu da fukafukai. Alaa Awad kuma, wanda ya zo daga Luxor, ya yi amfani da salon zanen kaburburan Fir'aunoni: mata masu makoki a jere, ana rakiyar gawa. Kamar yana cewa ne wannan kuka ba yau ƙasar ta fara jin sa ba.

Sojojin da ke riƙe da mulki a lokacin sun toshe titunan da ke kewayen ma'aikatar da manyan tubalan kankare. A Maris 2012 masu zane suka zo suka zana ci gaban titin a jikin tubalan, da fitilu da gine-gine da masu wucewa, yadda in ka hango daga nesa sai ka ɗauka hanya a buɗe take. A Satumbar wannan shekara, zamanin Shugaba Mohamed Morsi, ma'aikatan hukuma suka zo da dare suka shafe zanen Mohamed Mahmoud da farin fenti. Washegari matasa suka dawo suka cika bangon da sabon zane. Haka aka yi ta yi, a goge a sake. Abin da ya kawo ƙarshen wasan shi ne sauyin da ya biyo bayan 2013: aka kafa dokar taƙaita zanga-zanga, tsayuwa a titi da gwangwanin fenti ya zama abin da ka iya kai mutum kurkuku, wasu masu zanen suka bar ƙasar. A 2015 jami'ar ta rushe wani ɓangare na katangar yayin rushe wani tsohon gininta. Yau yawancin zanen a hotuna kawai ake ganinsa.

To, sai 2020. Ranar 25 ga Mayu, a birnin Minneapolis na jihar Minnesota, wani kanti mai suna Cup Foods ya kira 'yan sanda kan zargin an ba su jabun dala 20. Sanarwar farko da rundunar 'yan sandan ta fitar cewa ta yi wani mutum ya rasu bayan matsalar rashin lafiya yayin mu'amala da jami'ai. Ba ta ambaci gwiwa ba. Wata yarinya mai shekara 17 ce ta ɗauki bidiyon da ya nuna Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd, ɗan shekara 46, da gwiwarsa. A kotu an tabbatar da cewa dannewar ta kai minti 9 da daƙiƙa 29.

Ina so ku haɗa waɗannan labarai wuri ɗaya. Stewart, an ce giya. Khaled, an ce wiwi. Floyd, an ce rashin lafiya. Diallo, an ce an zaci bindiga. A kowanne, hukuma ce ke fara ba da labari, domin ita ke da takarda da hatimi da kakaki. Kuma labarin farko yakan mayar da mamaci mai laifi a mutuwarsa. Sau da yawa ma hoton da ake raba wa 'yan jarida shi ne wanda aka ɗauka a caji ofis, in akwai. A nan ne nake ganin amfanin bango na farko. Mai zane yakan nemi hoton da uwa ke ajiyewa, wanda mutumin ya yi wanka ya sa kayansa masu kyau, ya faɗaɗa shi har ya fi tsayin mutum uku, ya kafa shi inda ba sai ka sayi jarida ko ka shiga intanet za ka gani ba. Mai zuwa kasuwa zai gani, ɗan makaranta zai gani, motar sintiri ma ta nan za ta wuce.

Kwana uku da rasuwar Floyd, wasu masu zane da suka haɗa da Xena Goldman da Cadex Herrera da Greta McLain suka yi hotonsa a jikin bangon kantin. A bayan kansa akwai babban fure mai ruwan ɗorawa, irin wanda ke bin rana, a cikinsa an rubuta sunayen wasu baƙaƙen fata da suka mutu a hannun 'yan sanda kafin shi. A ƙasa an rubuta cewa yanzu yana iya numfashi. Mazauna unguwar suka toshe mahaɗar titi na 38 da titin Shikago, suka kafa gunkin dunƙulen hannu a tsakiya, wurin ya zama Dandalin George Floyd. Sai a Yunin 2021 hukumar birnin ta buɗe wa motoci. Kusa da nan, wasu matasa biyu suka kafa allunan kabari na kwali sama da 100 a wani fili mai ciyawa, kowanne da suna da shekaru da garin mamaci. Babu fuska ko ɗaya a wurin, sunaye ne zalla, amma mutane kan tsaya su yi kuka. Wannan ya nuna ba lallai sai an zana sura ba, suna ma kaɗai yana iya riƙe wannan aiki.

Cikin makonni kaɗan fuskar Floyd ta zagaya duniya, kuma kowace ƙasa da abin da take nufi da ita. A Barlin an zana shi a ragowar katangar da ta taɓa raba birnin biyu. A Baitalami an zana shi a katangar da Isra'ila ta gina a Yammacin Kogin Jodan. A garin Binnish na lardin Idlib a Siriya, Aziz Asmar da abokinsa suka zana shi a jikin ɗan guntun bangon da ya rage na wani gini da bam ya rusa. A unguwar Kibera ta Nairobi, Allan Mwangi ya zana shi tare da kalmar Suwahili "haki", wadda tushenta ɗaya da "haƙƙi" namu na Hausa, duk daga Larabci. Su 'yan Kenya ba labarin nesa suke yi ba, domin a watan Maris na wannan shekarar harsashin ɗan sanda ya kashe yaro mai shekara 13 a barandar gidansu a Nairobi, lokacin tilasta dokar hana fita ta korona. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, su kuwa nasu gemun ya riga ya kama.

A Faransa ne gardamar nan ta bangon Diallo ta dawo. Adama Traoré, wanda iyayensa 'yan asalin Mali ne, ya mutu a hannun jandarmomi ranar 19 ga Yuli 2016, ranar da ya cika shekara 24. Yayarsa Assa Traoré ta shafe shekaru tana jagorantar neman a yi shari'a, rahotannin likitoci kuma suna ta saɓa wa juna. A Yunin 2020 aka ƙaddamar da zane a garin Stains da ke wajen birnin Paris, fuskar Adama da ta Floyd gefe da gefe, a sama an rubuta cewa ana adawa da wariyar launin fata da cin zarafin da 'yan sanda ke yi. Ƙungiyar ƙwadagon 'yan sanda mai suna Alliance ta yi zanga-zanga. Wakilin gwamnatin tsakiya a yankin ya umarci magajin garin da ya cire kalma ɗaya tak, wadda ke nuni da 'yan sanda. Wato fuskokin ba su dame su ba, kalmar cin zarafi ma ba ta dame su ba, matuƙar ba a faɗi wanda ya yi ba. A 2023 alƙalan bincike suka rufe shari'ar ba tare da an gurfanar da jandarmomin ba, iyalin suka ɗaukaka ƙara.

Yanzu bari in faɗi ɗaya gefen, domin ba na so ku tashi da tunanin cewa fenti na maganin komai. Ranar 5 ga Yuni 2020, magajiyar garin Washinton, Muriel Bowser, ta sa ma'aikata suka rubuta Black Lives Matter, wato rayukan baƙaƙen fata na da daraja, da manyan baƙaƙe masu ruwan ɗorawa a kan kwaltar titi na 16, daura da fadar White House. Duniya ta yi ta tafi. Amma reshen ƙungiyar na birnin ya fito ya ce wannan wasan kwaikwayo ne, ana so a rufe bakin mutane da fenti a bar kasafin kuɗin 'yan sanda yadda yake. A Maris 2025, bayan wani ɗan majalisa na jam'iyyar Republican ya gabatar da ƙudurin da zai hana birnin wasu kuɗaɗe idan ba a cire rubutun ba, magajiyar garin dai ita ce ta sa aka zo da injinan fasa kwalta aka ɗauke shi. Abin da hukuma ta zana da hannunta, da hannunta take gogewa ranar da iska ta juya.

A ɓangaren doka kuma, gaskiya ne an samu Chauvin da laifin kisa ranar 20 ga Afrilu 2021, aka yanke masa shekara 22 da rabi, birnin Minneapolis kuma ya biya iyalin Floyd dala miliyan 27. Amma bidiyo da shaidu ne suka ɗaure shi, ba zanen bango ba. Ƙudurin gyaran aikin 'yan sanda da aka sa wa sunan Floyd ya wuce a majalisar wakilai a Maris 2021, ya maƙale a majalisar dattawa. Ƙididdigar da jaridar Washington Post ta riƙa tattarawa ta nuna 'yan sandan Amurka sun ci gaba da harbe mutum sama da 1,000 a kowace shekara bayan 2020. Akwai kuma ƙorafin mutanen unguwa: baƙi na zuwa su ɗauki hoto a gaban fuskar mamaci su tafi, su kuma su ne ke kwana su tashi da ita. Wasu sun yi tambaya ko an nemi izinin iyalai kafin a zana, wasu kuma sun ce ya kamata masu zane baƙaƙen fata na unguwar su ne a gaba wajen ba da labarin nasu.

To in haka ne, me ya rage? Ni dai ga inda na tsaya. Bango ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa, ba ya sauya doka. Aikinsa shi ne ya hana a rufe fayil a zukatan mutane kafin a buɗe shi a kotu. Shari'ar irin wannan kisa takan ɗauki shekaru, kuma abin da mai laifi ya fi buƙata shi ne a gaji a manta. Duk wanda ya wuce ta gaban fuskar nan sau biyu a rana, mantuwa za ta yi masa wuya. Shaidar cewa abin na tasiri ita ce wahalar da ake sha wajen kawar da shi: farin fenti da tsakar dare a Alƙahira, wasiƙar umarni a kan kalma ɗaya a Stains, injin fasa kwalta a Washinton, da ɓata-garin da suka watsa wa zanen Minneapolis fenti a Agustan 2020. Ba wanda ke ɓata dare yana goge abin da bai dame shi ba.

Shi ya sa wasu suka mayar da hankali kan adanawa. A Minneapolis, lokacin tarzomar, masu kantuna sun rufe tagoginsu da faifan katako, masu zane kuma suka cika katakon da hotuna da sunaye. Da ƙura ta lafa aka fara zubar da su a bola, sai wasu matasa mata baƙaƙen fata suka riƙa bi da mota suna kwashewa, suka tara ɗaruruwa a ma'ajiya, suna baje su ga jama'a lokacin zagayowar ranar rasuwar. Malamai a Jami'ar St. Thomas da ke jihar kuma suka buɗe rumbun hotunan irin wannan zane daga ƙasashe daban-daban a intanet. Sun koyi darasi daga Bangon Girmamawa na Shikago da titin Mohamed Mahmoud: bangon zai iya faɗuwa, sai dai a yi sauri a ɗauki hotonsa, a rubuta wanda ya zana da ranar da aka zana.

Mu ma a Najeriya mun san wannan jayayya ta wa zai ba da labari. A Oktoban 2020 ɗin nan dai matasa suka fito kan rundunar SARS, aka sanar da rusa ta ranar 11 ga wata, sannan aka yi harbin mashigar Lekki ranar 20. Kwamitin bincike na jihar Legas ƙarƙashin Mai Shari'a Doris Okuwobi ya ce an kashe masu zanga-zanga a wurin, gwamnatin tarayya ta lokacin ta yi watsi da rahoton. Ku dubi bangayen garuruwanmu: fastocin 'yan siyasa, tallar maganin gargajiya, da gargaɗin kada a yi fitsari a nan. Na san da yawa daga cikinmu ba za su yarda da zanen fuska ba saboda dalilin addini, kuma wannan abin girmamawa ne. Amma rubuta suna da rana fa? Wanda ya rasa ɗa ko ƙane a irin wannan hali, a ina ake ajiye sunansa yadda jikoki za su tarar? Wannan ita ce tambayar da zan bar ku da ita, kuma ina so in ji ra'ayinku, musamman malamai da lauyoyi da 'yan sandan da ke bibiyar shirin nan, domin na san akwai su, kuma da yawansu su ma ba sa jin daɗin abin da ɓata-gari ke yi da sunan kakinsu.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kare mu daga zalunci, Ya kuma kare mu daga zaluntar wani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.